Rashin barci da lafiyar ƙwaƙwalwa: amsoshin likita

Tambaya: Likita, wata uku ke nan ba na runtsawa sai wajen ƙarfe uku na dare, ga tunani ga ƙunci. Damuwar ce ta hana ni barci, ko rashin barcin ne ya jawo ta?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. A da mu likitoci mun ɗauki rashin barci a matsayin alama kawai, wai da an magance damuwa barci zai dawo da kansa. Ashe kowanne rura wutar ɗan'uwansa yake yi. Farfesa Daniel Freeman, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Oxford ta Ingila, ya gwada wannan da ɗalibai 3,755 masu fama da rashin barci, aka wallafa sakamakon a 2017. An raba su gida biyu, aka ba kashi ɗaya horon gyaran barci ta intanet, ba ƙwaya ko ɗaya. Da barcinsu ya daidaita, sai zargin mutane da jin muryoyin da babu su suka ragu, haka ma damuwa da fargaba. Ragin ba mai yawa ba ne, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne barcin kaɗai aka gyara.

Don haka kada ki jira ƙuncin ya tafi tukuna. Ki tsayar da lokacin tashi guda kullum, ko da daren bai yi miki daɗi ba. In kin kwanta kamar minti 20 ido biyu, ki sauka daga gado, ki zauna inda babu haske sosai, sai kin ji gyangyaɗi ki koma. Richard Bootzin ne ya fito da wannan dabara a 1972, don kada ƙwaƙwalwa ta saba da cewa gado wurin saƙa da warwara ne. Wata uku kuwa ya isa ki ga likita, kuma in tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, yau za ki je, ba gobe ba.

Tambaya: Ni ɗalibi ne. In na kwana ina karatu, washegari abu kaɗan sai in hasala. Me ke kawo haka?

Amsa: Ɗana, ba halinka ne ya canja ba. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa a Amurka sun hana wasu matasa barci na kusan awa 35, suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fushi ya zabura fiye da na waɗanda suka yi barci da kashi 60 cikin 100, sashen gaba mai tsawatar masa kuma ya yi sakaci. Ka nemi awa 7 zuwa 9. Karatun ma a cikin barci yake zama a kai.

Tambaya: Wani lokaci nakan farka in kasa motsi, kamar an danne mini ƙirji. Ciwon hauka ne?

Amsa: A'a, Malam, dannau ne. Lokacin mafarki jiki yakan saki gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani. In hankali ya riga jiki farkawa, sai a ji haka na 'yan daƙiƙu ko mintuna. Ƙarancin barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi, saboda haka ka gwada kwanciya ta gefe.