Tambarin ASC a kwalin jatan lande: me yake shaidawa?

Tambaya: Malam, ina saida kifin firigo a Maradi, kwanan nan na ƙara da jatan lande saboda masu otel. Wani dillali ya kawo mini kwalaye masu tambarin ASC, sun fi tsada, ya ce mai tambari ko wuta ta ɗauke ba ya lalacewa. Masu saye kuma suna cewa dabarar Turawa ce ta cin kuɗi. Ina tsoron in cutar da mutane, ina tsoron asara.

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya. Tambarin nan shaida ce a kan gonar da aka yi kiwon, can Ekwado ko Indiya ko Biyetnam. ASC ƙungiya ce mai tsara ƙa'idojin kiwon kifi da jatan lande. Ƙungiyar kare muhalli ta WWF da IDH ta Holan, mai harkar gyaran kasuwanci, suka kafa ta a 2010, ƙa'idar jatan lande ta fito a 2014. Abin da take nema: kada gonar ta zama an sare itatuwan bakin teku aka haƙa ta bayan 1999, kada a sa yara ko aikin tilas, kuma jatan landen da aka ba antibayotik ba ya ɗaukar tambarin.

Su ma masu shakka suna da hujja. Ƙungiyoyin mazauna gaɓar teku a Asiya da Latin Amurka sun yi adawa da tambarin tun farko, suna cewa ba a tuntuɓi waɗanda gonakin suka raba da wurin sunsu ba. Ƙaramin mai kiwo kuma kuɗin masu bincike ya fi ƙarfinsa, sai manyan kamfanoni su kwashe kasuwa. Duk da haka ni na fi son kaya mai shaidar da za a iya bibiya a kan wanda ba a san asalinsa ba.

Amma maganar dillalin nan ita ta ɓata mini rai, kuma kullum sai na ji irinta. Wai mai tambari ba ya lalacewa! Takarda ce fa aka buga a jikin kwali. Jatan lande ya fi kifi saurin ruɓa, sanyin da ke riƙe shi digiri 18 ne ƙasa da sifili, ba yankewa, tun daga jirgin ruwa har firigonki. Ki duba nisanmu da teku. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Benin a 2023 hanyar kaya ta ƙara tsawo, mota ta kwana a shinge, direba ya kashe injin sanyi don tsimin gazuwal. Kayan ya iso Maradi cikin bazara, zafi ya haura 40, wuta ta ɗauke da azahar. Ya narke, a sake daskarar da shi, a miƙa wa mai otel. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin da suka riga suka hayayyafa. Wanda ya ci ya kwana gudawa da amai, yaro ko tsoho sai ƙarin ruwa a likita. Mai faɗin wannan magana, ko jahilci ne ko son kuɗi, rayukan mutane yake wasa da su, kuma Allah zai tambaye shi.

Ki buɗe kwali ɗaya a gabansa. In kwalin ya jiƙe ya bushe ya yi shatin ruwa, in jatan landen ya manne ya zama dunƙule guda da ƙanƙara a gindin leda, ya taɓa narkewa. Ki narkar da 'yan kaɗan ki shinshina: ƙarnin teku ba laifi, zarni kuwa ki mayar masa da kayansa. Kan da ya yi baƙi ya saki jiki shi ma alama ce.

Tambarin gaske yana tafe da lamba mai farawa da ASC-C, ki sa yaronki ya duba ta a shafin ASC ta waya. Sannan in kin fasa kwali kin ƙulla a ledarki, ba ki da izinin manna tambarin sai ke ma kina da taki shaidar. Masu otel ki nuna musu kwalin asali da ranar da aka rubuta a jikinsa.