Ga ƙanwata mai tambayar yadda za ta haɗa aiki, yara da tafiya ita kaɗai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki. Kin ce aurenki ya mutu bara, yara biyu suna hannunki, babban yana aji biyu na firamare, ƙaramar ba a daɗe da yaye ta ba. Ga aiki tun safe har yamma, yanzu kuma wurin aikinku za su tura ki kwas Abuja na kwana uku, kin rasa inda za ki sa kanki. Allah ya kawo miki sauƙi. Ni maigidana rasuwa ya yi ya bar ni da uku, ina zaune Unguwar Dosa a nan Kaduna ina aiki cikin gari, shekaru ke nan ina fama.

Abin da ya riƙe ni bayan ikon Allah shi ne mutane. Yawancinmu idan aure ya ƙare sai mu kulle ƙofa don gudun surutu, kada a ce bazawara ta dami jama'a. Ina roƙonki kada ki yi haka. Ki nemi mata biyu ko uku da kika yarda da tarbiyyar gidajensu, ki ƙulla da su tun yanzu da lafiya lau, kafin ranar da yaro zai tashi da zazzaɓi ƙarfe biyun dare. Tawa ta farko wata dattijuwa ce a layinmu da muke kira Goggo. Yarana in sun taso makaranta gidanta suke sauka, su ci abinci, su canja kaya, ta kora su Islamiyya tare da jikokinta. Ba ta taɓa yanka mini kuɗi ba, amma duk ƙarshen wata akwai mudun shinkafarta da kwalbar manja da sabulu, kuma ni nake raka ta asibiti ranar ganin likita. Haka abin yake ɗorewa. Wadda kullum ita ce mai karɓa, ko 'yar uwarta ta jini sai ta gaji da ita.

Ta biyun wata ce da 'ya'yanmu suke makaranta ɗaya. Mai Keke Napep ɗaya muka ɗauka muna raba kuɗin wata. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya zama abin da ya zama, kin sani. Mun san gidan mai keken, mun san matarsa, kuma yaran sun san ko wa ya zo ya ce Mama ce ta aiko shi, ba za su bi shi ba. Ki sa babban ya haddace lambar wayarki kamar yadda ya haddace Fatiha, shekarunsa sun kai.

Girki kuwa kada ki bari ya cinye miki kowane dare. Ni ranar hutu nake yin na mako. In na samu sarari ranar Talata na biya kasuwar Kawo, in ban samu ba sai Asabar a Kasuwar Bacci. In kai markaɗe, in dafa shi har ruwan ya tsotse, in soya da mai sosai, don ko wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, ɗumamawa safe da yamma ya ishe shi. Wake in tsince shi gaba ɗaya, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa kullum suna nan. Yunifom a goge tun dare, jaka a bakin ƙofa. In ma'aikaciyar jiha ce ke, tsarin aikin kwana huɗu da aka fito da shi a Disambar 2021 ya ba da damar yin aikin Juma'a daga gida, ki duba ko ya shafi ofishinku.

Akwai maganar da ba ki yi ba, amma zan taɓo ta. Uban yaran nan yana raye. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, riƙon yara na uwa ne, ci da sha da sutura da magani kuma suna wuyan uba. In yana yi, alhamdu lillahi. In ba ya yi, ki fara da manyanku da nasa, a zauna a yanka abin da zai riƙa bayarwa duk wata, a rubuta. In abin ya faskara kotun shari'a tana nan, kuma zuwa can ba tonon asiri ba ne, haƙƙin yaran kike nema musu. Na ga mata da yawa sun ce sun bar shi da Allah, suka ƙare da bashi da ciwo.

Batun Abuja, shawarata ki je. In kika ƙi wannan, gobe ba za a sa sunanki ba, a ce ai mai yara ce. Babban ki bar shi kada ya rasa makaranta, wurin wadda ya riga ya saba da ita, kuma ki gwada ya kwana can sau ɗaya kafin tafiyar, ki ga yadda zai yi. Ƙaramar ita ce abin dubawa. In mahaifiyarki ko wata ƙanwarki za ta zo ta kwana gidanki, ya fi a ɗauke ta a kai baƙon wuri. In babu, ki tambayi masu shirya kwas ɗin ko za ki iya zuwa da ita da mai riƙe miki, sau da yawa ana yarda in an yi magana da wuri. Duk wadda za ki bar wa yara, ki rubuta mata a takarda: maganin da suke sha, abin da ba ya karɓarsu, asibitin da katinsu yake, lambar wani namiji a danginku da zai iya fitowa da dare. Ki bar kuɗi a hannunta, kada ki ce za ki turo, netwok ba shi da tabbas.

Ni jirgin ƙasa nake bi. Tun 2016 yake aiki tsakanin tashar Rigasa a Kaduna da ta Idu a Abuja, ya tsaya bayan harin da aka kai masa a Maris na 2022, ya dawo a Disambar shekarar. Ki sayi tikiti ta intanet da wuri, ki riƙe lambar NIN da katin shaida, ki kuma tabbatar da lokacin tashi ana gobe, don jadawalin yana canjawa. Rigasa da nisa daga cikin gari, ki fita da sauran lokaci. In masaukinki ta wajen Kubwa yake, sauka a tashar Kubwa ya fi miki sauƙi. Da yarinya a hannu, jakar goyo ɗaya ta isa, da zanin goyo, ruwa, abin taɓawa da kayan canji a sama-sama. In mota ce, ki shiga a tasha, ki tafi da safe, kada dare ya yi miki a hanya. Kiran yara kuma sau ɗaya bayan magariba ya wadatar, yawan kira tayar musu da hankali yake yi.

Sai ke kanki. Kin ce ciwon kai ba ya barinki, barci kuma sai kin yi da gaske. Don Allah kafin tafiyar nan ki je a auna jininki, ko a asibitin unguwa ne. Hawan jini yakan daɗe a jiki bai nuna alama ba, kuma shan Panadol kullum ba ya maganinsa. Ki yi tambaya kan inshorar lafiya ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, ki ga ko za ki shiga da yaran. Sannan ki ware wa kanki yammaci ɗaya a mako da ba na kowa ba. Ni Asabar bayan la'asar ce: wani lokaci kitso da ƙunshi, wani lokaci in zaga Murtala Square da ƙafa tare da ƙawata, wani lokaci in rufe ɗaki in yi barci kawai yara suna gidan Goggo. Adashin da nake zubi ma akwai kason da ba na taɓawa don kuɗin makaranta, nawa ne, in ɗinka atamfa in sa in ji daɗi.

In kin sa ranar tafiyar ki faɗa mana unguwarku. Akwai 'yan uwa a nan daga Tudun Wada har Barnawa, ba za a rasa wadda take kusa da ke da za ta leƙa yaran ba.