Saɓani Daban, Jayayya Daban: Amsa ga Mai Shirin Zuwa Azhar

Assalamu alaikum, ƙanena. Na karanta saƙonka inda ka ce kana shirin zuwa karatu Alƙahira, amma kana fargabar saɓanin mazhabobi ya rikita ka, tunda Alƙur'ani ya hana rarrabuwa. Ni ma na zo da wannan fargabar.

A makona na farko na tsaya sahu tsakanin mai ƙabalu da mai sadalu, limami kuma ya bayyana Basmala, abin da ban saba ji ba, bayan sallama kuwa babu wanda ya kalli wani. Sai daga baya na gane cewa Alƙur'ani bai sa kowane saɓani a kwando ɗaya ba. A Suratur Rum, aya ta 22, kalmar ikhtilafi, wato saɓani, ta zo a kan bambancin harsuna da launuka, kuma Allah Ya kira shi aya daga ayoyinsa. Wanda aka zarga shi ne na Suratul Baƙara, aya ta 213, wato saɓanin da mutane suka yi bayan hujjoji sun zo musu, saboda zalunci a tsakaninsu.

Tanazu'i kuwa, wato jayayya, ya fi nauyi, domin asalin kalmar daga fizge abu yake, kowa yana ja zuwa nasa ɓangaren. Suratul Anfal, aya ta 46, ta ce ƙarshensa karaya ne da gushewar ƙarfi, Suratun Nisa'i, aya ta 59, kuma ta umarci a mayar da lamarin ga Allah da Manzonsa. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne, ayar Nisa'i ba ta cire sunan imani daga masu jayayyar ba.

Dubi ayar alwala a Ma'ida. Saboda harafin "bi" a shafar kai, Malikawa suka wajabta shafar dukkansa, Hanafawa rubu'insa, Shafi'awa wani sashe nasa, kowannensu kuma ga nassi ɗaya ya koma. Sahabbai ma sun saɓa kan la'asar a hanyar Banu Ƙuraiza, wasu suka yi ta a hanya, wasu suka jinkirta, Annabi (SAW) bai zargi kowa ba.

Ka ƙarfafa fikihunka na Malikiyya kafin ka taso, domin da shi za ka fahimci hujjojin sauran idan an kawo su a aji. Allah Ya kawo ka lafiya.