Ku Tambaya Mu Amsa: Ina alamar hanyar fataken Gwanja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a nan Agege, goro nake sayarwa kuma gado na yi. Ƙanina yana tuƙin tirela a Amurka, to kusan kullum sai ya turo min hoto a WhatsApp na wani dutse ko allon ƙarfe a bakin titi, wai an rubuta ta nan ayarin mutanen dauri suka wuce da shanunsu. Abin ya tsaya min a rai saboda mahaifinmu, Allah ya ƙara masa lafiya ya haura tamanin, yana yawan ba mu labarin kakansa da ya yi fataucin Gwanja da jakai, amma ni ban taɓa ganin ko ɗan allo ɗaya da ya nuna hanyar da suka bi ba. Dan Allah su waye suka kafa nasu, kuma mu me ya hana?
Daga mai karatunku, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, a gaida Baba da kyau, a ce masa muna neman addu'a. Wallahi tambayarka ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Bari in fara da na ƙaninka. Amurka tana da irin waɗannan tsofaffin hanyoyi da yawa, amma wadda ta fi suna ita ce hanyar Oregon, daga jihar Mizuri har yammacin ƙasar kusa da teku, sama da mil 2,000. Tun daga wajejen 1840 mutane ke binta da keken shanu, mata da yara da tukwane da komai, wata biyar wata shida suna tafe, kwalara ta kashe da yawa a hanya aka binne su nan bakin turba. Da jirgin ƙasa ya haɗa gabas da yamma a 1869 sai hanyar ta soma mutuwa, manoma suka nome wani wajen, ciyawa ta cinye wani.

To ka ga inda nake so ka lura. Ba gwamnati ce ta fara tashi ta ce a kafa alamu ba. Wani dattijo ne, Ezra Meeker, wanda shi kansa ya bi hanyar a 1852 da matarsa da jaririnsu, sai a 1906 yana da shekara saba'in da biyar ya ga abin zai ɓace, ya ɗaura shanu a keke irin na da ya sake bin hanyar daga yamma zuwa gabas, duk garin da ya sauka sai ya tara jama'a ya roƙe su su yi karo-karo a kafa dutse, har 'yan makaranta suna kawo 'yan kwabbansu. Haka ya yi ta ja har ya isa Washinton ya gana da shugaban ƙasa Theodore Roosevelt a 1907. Gwamnati sai can baya ta shigo, a 1978 aka sa hanyar Oregon cikin hanyoyin tarihi da doka ta amince da su. A jihar Wayomin har yau akwai inda ƙafar keken ta ci dutse ta yi rami, in ƙaninka ya bi ta can ka ce ya ɗauko maka hoton.

Sai dai kar mu yi ta yabo ido rufe. Ƙasar da ayarin nan suka ratsa tana da masu ita, 'yan asalin ƙasar da aka kora aka ƙwace musu filaye, kuma allunan farko yawanci labarin baƙin da suka zo suke bayarwa. Hanyar da aka koro ƙabilar Ceroki ta kai a 1838, wadda suke ce wa hanyar hawaye, dubbai suka mutu a cikinta, sai a 1987 ta samu irin wannan matsayi. Wanda ya kafa allo shi ke zaɓen abin da za a rubuta a kai, shi ya sa ba na so mu zauna jiran wani ya zo ya rubuta mana namu.

Yanzu mu dawo gida. Hanyar da kakan Baba ya bi ba ƙaramar hanya ba ce Alhaji. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, a ƙetare Kwara a biya kuɗin fito, a ratsa ƙasar Bargu ta wajen su Nikki da Jugu a Jamhuriyar Benin ta yanzu, a bi ta Sansanin Mango a Togo, a faɗa Yandi, sannan Salaga a arewacin Gana, nan ce babbar kasuwar Gwanja. Ana tafiya da kanwa da rinannun tufafi da fatu, a dawo da goro, kuma kai ka fi ni sanin wahalar goro, a kwance huhu a tsince ruɓaɓɓe a yayyafa ruwa a sake naɗewa, to ka ƙiyasta yin wannan a daji wata da watanni a bayan jaki. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da inda za a yi zango. Wani Bature ɗan Birtaniya mai yawon binciken ƙasa, Kilafaton, da ya taso daga Badagry a ƙarshen 1825 ya gamu da irin wannan ayari na Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu suna dawowa daga Gwanja, ya rubuta yawansu da dabbobinsu, shi kuma a Sakkwato ya rasu a 1827.

Abin da ya kashe tasu hanyar shi ya kashe tamu. Goro ya koma zuwa Legas ta jirgin ruwa, layin dogo ya isa Kano a 1911, manoman Yarbawa kuma suka dasa irin goron Gwanja a nan Agege da Ota da Shagamu, to wa zai ƙara wahalar da jaki zuwa Salaga? Ga turawa sun yanka hanyar gida-gida, wani yanki na Ingila wani na Faransa wani na Jamus.

Amma ni ban yarda a ce ba mu da alama sam ba. Tamu a baki take. Ka je kasuwa ka ji Bayarabiya tana cewa obi gbanja, Gwanja ce fa take ambata ko ta sani ko ba ta sani ba. Zangon Agege da kake zaune, da duk zangunan da ke Kumasi da Akara, sunan masaukin fatake ne ya zauna. Ranar da na fara gane wannan a bas nake, kwandasta yana ihun Sango Sango, wani tsoho kusa da ni ya ce ai zango ne yaro, harshe ne ya juya shi, tsigar jikina sai da ta tashi. Matsalar alamar baki ita ce tana tafiya tare da mai ita.

Saboda haka ga shawarata, kuma da gaske nake. Yau ɗin nan bayan isha'i ka zauna da Baba ka kunna rikodin a wayarka, ka tambaye shi sunan madugun da kakansa ya bi, garuruwan da ake kwana, wa suka aura a hanya, wa ya rasu aka binne a ina. Kar ka gyara masa magana, ka bar shi ya yi ta zuba ko ya maimaita. Daga nan ka kai maganar ƙungiyarku ta 'yan goro da fadar Sarkin Hausawan Agege. Allo ɗaya na ƙarfe a bakin zango, da Hausa da ajami da Yarbanci da Turanci, bai fi ƙarfin karo-karon kasuwa ba, mun sha tara abin da ya fi haka a bikin ɗan wani. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana da gidan tarihi a Onikan, ku je musu da rikodin a hannu.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce a Idi-Araba, a nan Legas akwai inda zan kai yara su ga irin wannan hanya ta tarihi da idonsu lokacin hutu?

AMSA: Akwai Hajiya, ki kai su Badagry. Za ku ga ɗakunan da aka tsare bayi a gidan Seriki Abass, sannan ku hau kwalekwale ku ƙetara tsibirin Gberefu ku taka turbar yashin da aka bi da su har bakin teku, akwai wata rijiya a hanya da masu rakiya za su ba ku labarinta, ƙarshen turbar kuma shi ne wurin da suke ce wa in ka wuce ba dawowa. Ki faɗa wa yaran cewa cikin waɗanda aka bi da su ta gaɓar nan har da Hausawa, wasunsu sun ƙare a Bahiya ta ƙasar Birazil. Ku fita da sassafe saboda cunkoson titin, ku riƙe ruwan sha da hula don rana tana duka a kan yashin nan, kuma kowane yaro a sa masa rigar ruwa kafin ya shiga kwalekwale.