Tambayoyin Masu Karatu: Ko fasahar AR za ta yi amfani a aji mai cunkoso?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce mai koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Na ji ana maganar manhajojin AR, waɗanda ke ɗora hoto mai motsi a kan abin da kyamarar waya ke gani, har an ce ɗalibai suna iya haɗa nasu. Ajina yana da ɗalibai 40, wayoyin da muke iya samu kuwa ba su wuce 5 ba. Shin akwai ilimin da za a ƙaru da shi, ko kuwa abin kallo ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malama. Akwai ilimi a ciki, amma yawancinsa yana wajen haɗawa ne, shi ya sa nake ba ki shawarar ki sa ɗaliban su zama masu ƙirƙira tun daga darasin farko.

Yadda abin ke aiki shi ne, manhajar tana duban abin da kyamara ta kama, ta gane wani zane da aka riga aka nuna mata, ko ta gano shimfiɗaɗɗen wuri kamar saman tebur, sannan ta ajiye siffa ko bidiyo ko murya a daidai wurin, ta yadda idan aka matsa da wayar siffar za ta zauna inda take. Tun a farkon shekarun 1990 wani mai bincike a kamfanin Boeing, Tom Caudell, ya yi aiki a kan wannan dabara domin ma'aikatan da ke harhaɗa wayoyin lantarki na jirgin sama. Ta yaɗu a wayoyin hannu ne bayan wasan Pokémon Go na 2016, sai Apple ya fitar da ARKit a 2017, Google kuma ya fitar da ARCore a 2018, wato tsare-tsaren da manhajojin AR ke dogara da su a wayoyin iPhone da na Android.

Mu ɗauki darasin zuciya. Ki raba ajin rukuni 5, kowane rukuni mutum 8 da waya ɗaya, kuma kada a taɓa wayar sai an gama aikin takarda. Wasu su zana zuciya a kwali da ɗakunanta 4, wasu su rubuta bayanin da bai wuce minti ɗaya ba, ɗaya ya karanta a naɗi muryarsa, sannan mutum biyu su haɗa muryar da siffar zuciyar a kan zanen. A wajen rubuta bayanin ne za ki ji gardama ta tashi: wannan ya ce ɓangaren hagu ne ke tura jini zuwa huhu, wancan ya ce na dama ne, dole su koma littafi kafin su yarda cewa na dama ne ke kai jini huhu, na hagu kuma ya watsa shi ga sauran jiki. Yaron da ya yi wannan gardamar da wuya ya manta. Bayan an kammala, a liƙa kwalayen a bango, kowane rukuni ya zaga ya haska wayarsa a kan aikin sauran, ya rubuta kuskuren da ya gani.

Game da manhajoji, CoSpaces Edu, wadda yanzu ake kira Delightex, tana ba ɗalibai damar jera siffofi su sa su motsi ta hanyar haɗa tubalan umarni, ba sai sun iya rubuta lambobin kwamfuta ba. Assemblr EDU ma ta dace da masu farawa. Idan darasin lissafi ne, GeoGebra tana iya tsayar da dala ko silinda a kan tebur, ɗalibi ya zagaya ya ƙidaya fuskokinta.

Ki gwada komai da kanki kafin ranar darasi, domin ba kowace wayar Android ce ke ɗaukar ARCore ba, kuma yawancin manhajojin suna buƙatar intanet. Zanen da manhaja ke saurin ganewa shi ne mai layuka da yawa da launuka masu bambanci, a takarda marar ƙyalli, cikin ɗaki mai isasshen haske. Zanen fensir mai dishi-dishi yakan sa siffar ta riƙa rawa ko ta ƙi fitowa. Ki buɗe asusun manhajar da sunanki, kuma kada a saka fuskokin yara ko cikakkun sunayensu a cikin aikin.

Wani abin lura shi ne, kamfanoni kan rufe waɗannan manhajoji. An dakatar da HP Reveal, wadda malamai da yawa suka dogara da ita, a 2020, an kuma rufe Google Expeditions a 2021. Saboda haka ki adana zanen da rubutun da muryoyin a wajenki, ta yadda za ki iya mayar da su wata manhajar.

Ba kowane darasi ne ke buƙatar wannan ba. Idan sassan ganye za ki koyar, ki kawo ganyen su taɓa. Ki keɓe AR ga abin da ba ya shiga aji ko ido ba ya gani, kamar cikin jikin mutum, tsarin duniyoyin da ke zagaye rana, ko ginin ƙwayar halitta. A wajen ba da maki kuma, ki fifita ingancin bayanin da gyaran da suka yi wa juna a kan kyawun siffar.