Amsa ga mai tambayar merosin

Wayyo 'yar uwa, kin fama min tsohon miki wallahi. Kin ce likita ya ce yarinyarki ba ta da merosin, kina son sanin ko shi ne Duchenne, ciwon raunin tsoka irin na yaranmu. Ba shi ba ne, amma igiya ɗaya ce ta tsinke, inda ta tsinke ne ya bambanta.

Kowane zaren tsoka yana da 'yar siririyar fata da ta lulluɓe shi, duk motsin da yaro zai yi sai an ja ta. Wasu furotin ne suka haɗu kamar igiya: daga ciki dystrophin ne ke riƙe da ita, ya kama dystroglycan da ke jikin fatar, dystroglycan kuma ya kama laminin a waje, laminin ɗin yana kafe cikin shimfiɗar kolajin, wato furotin mai kamar zare da ke ɗaure sassan jiki. Merosin laminin ne, ƙwayar gadonsa LAMA2. Ɗana dystrophin na ciki ya rasa, 'yarki merosin na waje, irin nata tun jarirantaka yake nunawa, mace da namiji duk yana kamawa, kuma galibi sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi.

Ki riƙe wannan da kyau saboda dangin miji. Ni da suka ji Duchenne ta wajen uwa yake bi na ga tashin hankali, uwar mijina ta ce ni na kawo musu, ta koma ta ce ragwanci ne ke damun ɗana, wai ga sharaɓarsa nan cike fal, alhali kitse ne da tabon kolajin suka cinye gurbin tsokar, ba na nan ta sa wani mai ɗori ya murje shi ya dinga sa shi tsallen kwaɗo yana kuka yana kirana, na dawo na tarar ko tsayuwa ba ya iya yi, fitsarinsa ya yi duhu. Har yau ba ta ce min sannu ba.

Kar ki bari kowa ya tilasta mata motsa jiki mai ƙarfi, fatar zaren tsokar ce ke ƙara yagewa. Miƙe gaɓoɓi a hankali kullum yadda masu fisiyo suka nuna, kar su sandare. Maganin prednisolone da muke ba namu yaran kar ki saya mata don kin ji a nan, tambayi likitanta. A dinga duba numfashinta, musamman cikin barci, da ƙashin baya kar ya karkace, in tana sarƙewa wajen cin abinci ki faɗa da wuri. Ke ma ki dinga samun barci don Allah.

Tana iya zama da kanta yanzu?