Tambayi Magini: Zan sayi gida da rani, yaya zan gane ko yana yoyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba magini. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke ƙasar Taura a Jihar Jigawa. Maigidana ya rasu shekara biyu ke nan, na haɗa ɗan gadona da kuɗin adashi zan sayi gida in zauna da 'ya'yana huɗu. Gidan yana da soro ɗaya na ƙasa da ɗaki biyu na bulo masu rufin kwano. An yi masa sabon fenti, dillali kuma ya rantse mini ko ɗigo ba ya yi. Ga shi muna watan Maris. Yaya zan gane gaskiya kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari.

Kada ki biya tukuna. Abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne sabon fentin nan. Ban ce dillali ƙarya yake yi ba, wataƙila shi ma bai taɓa kwana a gidan da damina ba. Amma duk inda ruwa ya bi sai ya bar jirwaye, fenti kuwa jirwayen yake rufewa. Ɗan ƙanwata ya sayi irin wannan gida da rani, fari fat, bai neme ni ba sai da Agusta ta shigo. Na tarar amaryarsa ta jingine katifa a bango, ta jera robobi bakwai a kan gado, tana tsaye tana kwashe wadda ta cika. Har yau abin yana ci mini rai.

Ki fara da bangon gabas. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, iska ta riƙa maka ruwa a wannan bangon, shi ya sa iyayenmu suka fi ba shi makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Duba ko yaɓen ya zaizaye har tubali ya leƙo. A ɗakunan bulo, ki ƙwanƙwasa filasta da makulli. Inda kika ji amo kamar ganga, ta saki bulo ke nan, ruwa yana bi ta bayanta. Sannan ki durƙusa ki shafa gindin bango ta ciki. In fenti ya kumbura, ko wani farin gari kamar kanwa ya biyo hannunki, to laima ce take tasowa daga ƙasa, kuma ta fi wuyar magani, don tun daga harsashi aka yi sakaci.

Kwano ba ya ɓoye laifinsa. Ki shiga da tsakar rana a rufe ƙofa da taga. In babu silin, kowace huda za ki ga rana ta leƙo ta ciki kamar tauraro. In da silin, a ɗaga guda ɗaya a haska tocila, ai mai fenti ba ya shiga can. Katakon da ruwa ya saba bi baƙi yake yi, ƙusoshinsa duk tsatsa.

Daga nan sai ki kawo daminar da kanki. Ki sayi ruwa kura ɗaya, ki sami mutum biyu, ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a waje da bokiti. Daga ƙasa ake farawa: gindin taga, saman taga, bakin kwano, inda kwano ya haɗu da bango, tsororuwa ita ce ta ƙarshe. In aka fara daga sama ko'ina zai jiƙe, a rasa ƙofar da ruwan ya bi. A watsa shi da ƙarfi a kaikaice yadda iska take yi, a ba kowane wuri kamar minti goma kafin a matsa. Kuma ki sani, inda ruwa yake ɗiga ba lallai nan ya shigo ba, yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya sauko.

Soron ne ya fi damuna. Yoyon kwano kaya yake ɓatawa, na soro kuwa rai yake ɗauka, kuma yawanci cikin dare, mutane suna barci. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, in aka yi ruwa mai nauyi na milimita 50, abin da zai sauka a kansa ya kai lita 650, wato jarka 26. In indararo ya toshe, duk wannan a kan azara zai kwana. Don haka a nan ba a tara ruwa da sunan gwaji. Mutum ɗaya marar nauyi ya hau, shi ma sai an ga rufin bai lotsa ba. Ya zuba jarka ɗaya a can nesa da indararo, ku ga ko ruwan zai miƙe ya fita, ko zai tsaya ya yi ɗan tafki a tsakiya. Ya duba wuyan indararon, nan ne ruwa ya fi sulalewa cikin bango. Da can laso ake shafa wa rufi, haɗin katsi (abin da yake kwantawa a ramin marina) da gashin jima (gashin da majema suke cirewa daga fata) da dafara (wani tsiro mai yauƙi). Yanzu siminti ake liƙa wa ƙasa, ni kuwa ban yarda da shi ba, don ba sa jituwa. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita.

Ta ciki kuma, ki sa a soki azara da tsinin wuƙa daidai inda ta shiga bango. Azarar giginya mai lafiya wuƙa ba ta shigarta. In ta nutse, ko gari ya zubo, kada yaro ya kwana a ɗakin nan sai an sauke rufin.

Ba daga sama kaɗai ruwa yake zuwa muku ba. Kin ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa garuruwan bakin Kogin Haɗeja irin su Ringim da Auyo. Tsaya a ƙofar gidan ki duba, tsakar gidan ce ta fi tudu ko layin? Ina kwatar take zubarwa? Ki shiga wajen matan maƙwabta ku gaisa, ki tambaye su inda ruwa ya tsaya a waccan shekarar. Su bangonsu ba a yi masa fenti ba, shaidar tana nan.

Maginin da zai raka ki ya zama naki, ba wanda dillali ya kawo ba. Duk gyaran da ya gano a ƙiyasta a cire daga kuɗin gidan. In mai gidan zai yarda, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu cewa za ki riƙe wani kaso sai Agusta ta wuce. In kun yi gwajin, ki sake rubuto mini abin da wuƙa ta nuna a jikin azarar nan.